Wane Abin Hawa Ya Dace Da Hanyar Ƙauyenku?

Kaka ta yi. An kai gero rumbu. An sayar da wake. Masu shinkafa sun auna tasu. Nan gaba kaɗan kuma albasa za ta shigo kasuwa. A irin wannan lokaci ne kuɗi ke ɗan zama a aljihun manomi. A lokacin ne kuma ake yawan jin magana ɗaya a majalisa, tun daga Gwandu har Kalgo: "Bana in Allah ya yarda sai na sayi abin hawa."

Wannan buri ne mai kyau. Mai abin hawa yana zuwa gona da wuri. Yana kai taki da iri ba tare da ya jira kowa ba. Idan ciwo ya tashi cikin dare, yana kai iyalinsa asibiti. Ranar Sallah kuma ya kai ziyara inda yake so.

Amma kuɗin abin hawa ba kuɗin goro ba ne. Wani guminsa ne na shekara biyu ko uku. Wani sai ya sayar da sa. Wani sai ya ci bashi. Idan aka yi kuskure wajen zaɓe, kuɗin sun tafi, aikin kuma bai yiwu ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba wannan magana tun kafin a je kasuwa.

Babur mai ƙafa huɗu

Kwanakin baya wani saurayi ya nuna mini wani hoto mai motsi a wayarsa. Wani Bature ne a kan wani abu kamar babur, amma ƙafarsa huɗu. Tayoyinsa masu faɗi ne, kamar na ƙaramar tarakta. Yana hawa tudun rairayi da shi. Yana ratsa taɓo. Saurayin ya ce mini, "Baba, ai wannan shi ne maganin hanyarmu."

Da yake samari da yawa sun ga irin wannan hoto, bari mu fara da shi.

Wannan abin hawa an yi shi ne don inda babu hanya. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara sayar da nasa a Amurka a shekarar 1970. A lokacin ƙafarsa uku ce. A 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu. Mai ƙafa ukun ya yi ta kifewa da mutane, har da yara. A 1988 aka daina sayar da sababbinsa a Amurka. Mai ƙafa huɗun ne ya rage.

Sirrinsa yana ga taya. Mai faci yakan ba tayar babur iska 28 ko 30 a ma'auninsa. Tayar wannan kuwa iskarta ba ta cika wuce 5 ko 7 ba. Saboda haka tana da taushi. Tana baje wa a kan rairayi, ba ta nutsewa. Kamar tafin raƙumi ke nan. A ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya, makiyaya suna zagaya dabbobi da shi. Manoma suna jan ƙaramin amalanke da shi. Wasu kuma don yawon shan iska kawai suke saye.

To, ya dace da mu? A ganina bai dace da yawancinmu ba. Ga dalili.

Yawancinsu an yi su ne don mutum ɗaya. Kujerar tana da tsawo, amma ba don goyo ba. An yi ta haka ne don mai tuƙi ya riƙa matsawa gaba da baya a kan gangare. Idan aka yi goyo, sai ya kife. Mu kuwa wa zai sayi abin hawan da ba zai ɗauki mai ɗakinsa ba?

Sannan ba a yi shi don kwalta ba. A kan kwalta yana da wuyar juyawa a kwana. Ga shi da nauyi. Babbansa yakan kai nauyin babur biyu ko uku. Idan babur ya kayar da kai, kana iya janye ƙafarka ka tashi. Idan wannan ya kife, danne mutum yake yi. A Ostareliya ya kashe manoma da yawa a gonakinsu. Shi ya sa tun watan Oktoba na 2021 dokar ƙasar ta ce sababbin da ake sayarwa don aikin gona sai da wani ƙarfe a baya, wanda zai tokare ƙasa idan ya kife.

Babbar magana kuma ita ce gyara. Ka tambayi kanka: idan tayarsa ta fashe a hanyar Dodoru, ina za ka sami wata? Wane makaniki ne a garinku ya taɓa kwance injinsa? Abin da za a jira kayan gyaransa daga Legas ko Kano, ba abokin aikin manomi ba ne. Wata rana zai zama wurin kwanan kaji.

Mai babbar gona da kuɗi a hannu yana iya saye. Wannan ruwansa. Amma ko shi, kada ya bai wa yaro. Masu yin su da kansu suna rubutawa a jiki cewa yaron da bai kai shekara 16 ba kada ya hau babba.

Mu namu mai shiga ko'ina mun daɗe da shi. Shi ne babur mai ƙafa biyu. Bayansa akwai mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Akwai kuma tsohon aboki, amalanke. A cikin ukun nan zaɓenmu yake.

Fara da hanya, ba da kanti ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zuwa kanti. A ga mai ƙyalli, rai ya biya. A'a. Ka fara da hanyar da za ka riƙa bi kullum. Ko kana Dalijan ko Malisa, ko kana Diggi ko Zuguru, ka zauna ka tuna hanyar gonarka taki ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna ta da rani. Ka tuna ta a watan Agusta.

Ƙasar Gwandu yawancinta tudu ce. Da zarar ka sauka daga kwalta, sai rairayi da marmara da kwazazzabai. Da rani rairayi yakan yi laushi, ya riƙe taya. Ga ƙaya a burtali. A nan abin da ake bukata shi ne abin hawa marar nauyi, mai ƙarfin ja a ƙaramar giya.

A ƙasar Kalgo kuwa, manoma da yawa gonakinsu na cikin fadamar gulbin nan da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi. Ƙasar fadama laka ce. Da rani ta bushe ta tsage, ta yi tauri kamar dutse. Da damina ta zama sabulu. Wani wuri sai an shiga jirgin fito. Kowa yana tune da daminar 2020, lokacin da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta yanke hanyoyi.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Babur mai ƙafa biyu sawu ɗaya yake bi. Inda ƙafar mutum ta bi, shi ma zai bi. Yana bin gefen gona. Yana shiga jirgin fito. Amalanke sawu biyu yake bukata. Mai ƙafa uku kuwa sawu uku yake bukata: ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. A hanyar amalanke, tsakiyar nan ce ke da tulin rairayi ko ciyawa. Nan kuwa tayarsa ta gaba za ta bi. Don haka ka auna faɗin hanyarka kafin ka auna kuɗinka.

Babur mai ƙafa biyu

A jikin babur ko a takardarsa za ka ga lamba kamar 100, ko 125, ko 150. Kusa da ita akan rubuta cc. Ana faɗinsa "si-si". Ba sisin kwabo ba ne. Girman cikin inji ne. Idan lambar ta fi yawa, ƙarfi ya fi, shan mai ma ya fi.

Don zuwa gona da kasuwa da ziyara, mai si-si 100 zuwa 125 ya isa. Mai 150 na wanda kullum yake cikin kaya masu nauyi ne, ko mai doguwar tafiya. Kada ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka yi aiki da shi ba.

Inji iri biyu ne. Akwai irin na da, mai hayaƙi, wanda yake ƙona fetur tare da man da ake kira 2T. Tsofaffin Suzuki da Jincheng da yawa irinsa ne. Yana da saurin tashi, gyaransa ba wuya. Amma ya fi shan mai. Akwai kuma wanda baƙin mansa ke zaune a cikin inji, ba ya ƙonewa. Irinsa ne Boxer na kamfanin Bajaj, da TVS, dukansu daga Indiya, da Honda. Waɗannan sun fi tsimin mai. Tun da fetur ya yi tsada, su aka fi nema.

Wani zai ce, to wane suna ya fi? Ba za mu zaɓa maka suna ba. Amma ga hanyar ganewa. Je ka tashar 'yan kabu-kabu ta garinku. Duba abin da suka fi hawa. Waɗannan mutane kullum suna kan hanya, rani da damina. Ba sa ajiye abin da ke cin kuɗinsu. Daga nan ka wuce wurin makaniki. Tambaye shi wane babur ne kayansa ke samuwa nan kusa, wanne ne kuma sai an je Jega ko Birnin Kebbi. Makanikin ƙauyenku ya fi mai kanti sanin gaskiya. Mai kanti sau ɗaya zai gan ka. Makaniki kuwa kuna tare.

Masu ƙera babura ma sun san wannan. A 1975 kamfanin Honda ya fito da samfurin CG125 musamman don ƙasashe irin namu, inda ƙura ta yi yawa, mutane kuma ba su cika kai babur sabis a kan lokaci ba. An yi injinsa da sauƙi don ya jure. Har yau babura da yawa da ake kawowa daga Sin a kan tsarinsa aka yi su.

Yanzu sai ka durƙusa ka duba cikin babur. Tsakanin inji da ƙasa akwai tazara? Babur mai ƙasa-ƙasan ciki zai riƙa dukan kunya da dutse. Irin wanda ake kira roba-roba yana da daɗin tuƙi, ba shi da nauyi. Ya dace da malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti a cikin gari. Amma ba na ɗaukar buhu ba ne. Jikinsa roba ne, faɗuwa ɗaya ya tsage.

Duba wili. Mai waya ya fi dacewa da hanyar ƙauye. Idan ya faɗa rami ya lanƙwashe, ana miƙe shi, a canja waya. Wanda aka zuba da ƙarfe ɗaya ya fi kyan gani, amma idan ya tsage sai dai sabo. Duba zanen taya kuma. Mai zurfin zane ita ke kama taɓo. Taya mai sulɓi a fadama, faɗuwa ce ke jira.

Duba kujera da kariya. Kujera doguwa shimfiɗaɗɗiya ta fi. Tsoho zai zauna daidai. Mace mai ciki ma haka. Kariya kuwa ta zama ta ƙarfe mai kauri, ɗaure da kusoshi masu kyau.

A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya game da lodi. An yi babur ne don manya biyu da ɗan kaya. Buhun taki kilo 50 ne. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Kai da buhun taki ɗaya, lafiya lau. Kai da jarka biyu, ɗaya a kowane gefe, babu laifi. Amma kullum muna ganin buhu uku na shanshera a baya, mai tuƙi yana zaune a kan tanki. Idan nauyi ya taru a baya, tayar gaba takan yi sama-sama. Kan babur ba ya jin magana. Birki ba ya kamawa da wuri. Waya tana tsinkewa, jikin babur yana tsagewa. Kuɗin da aka ce an tsira da su na haya, wurin mai walda suke komawa. Wani lokaci ma wurin mai ɗori.

Samari kuma suna da wata al'ada. Da an sayi sabon babur sai a cire madubi, a cire murfin sarƙa, wai ya fi kyau. Murfin nan shi ke kare sarƙa daga rairayi. Idan rairayi ya haɗu da mai a jikin sarƙa, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. A ƙasar rairayi irin Gwandu, wanda ya cire murfin sarƙa ya shirya sayen sabuwa ba da daɗewa ba.

Mai ƙafa uku da amalanke

Idan aikinka ɗaukar kaya ne da gaske, babur ba zai ishe ka ba. Mai albasa da ke kai buhuna Aliero ya san haka. Mai shinkafa da ke fito da ita daga gona zuwa bakin hanya ya san haka.

Mai ƙafa uku mai bodi a baya yana ɗaukar abin da babur zai yi sawu da yawa kafin ya kwashe. Injinsa yakan kai si-si 150 zuwa 250. Yana da giyar komawa baya. Yana ɗaukar injin ban ruwa da tiyo da taki a tafiya ɗaya. A kan kwalta da hanya mai tauri, aikinsa ba magana. Mai shi yana iya yin haya ranar kasuwa ya sami na cefane.

Amma yana da halinsa. Idan ya nutse a rairayi da kaya, mutum ɗaya ba ya fitar da shi. Sai an sauke, an tura, an sake lodi. A kwana kuma ba ya kwantawa kamar babur. Idan aka shiga kwana da gudu, ko aka tula kaya sama, sai ƙafa ɗaya ta ɗaga ya kife. Wanda ya iya babur kada ya ɗauka ya iya wannan. Sai ya koya a fili, babu kaya, babu fasinja. Kada kuma a cika bodinsa da mata da yara zuwa biki. Ba don mutane aka yi shi ba.

Kuɗinsa sun fi na babur nesa. Aikinsa kuma ba kullum ba ne ga manomi ɗaya. Saboda haka ya fi dacewa da ƙungiya, ko 'yan gida ɗaya su haɗa hannu. Idan za a yi haka, a rubuta yarjejeniya tun ranar farko. Wa zai tuƙa? Wa zai riƙe kuɗin haya? Nawa za a ware don gyara? Abin tarayya da babu rubutu, ƙarshensa gaban mai gari.

Kada kuma a raina amalanke. Ba ya shan fetur. Shanu suna ratsa rairayin da inji ba ya iyawa. Suna yin huɗa da damina, su ba da taki, in sun yi ƙiba a sayar da riba. Ba a cika sayar da inji da riba bayan shekara uku ba. Aibin amalanke ɗaya ne: jinkiri. Ba a kai mai naƙuda asibiti da shi sai dole. Shi ya sa wanda yake da shanu da amalanke, ƙaramin babur kawai yake bukata. Amalanke ya ɗauki nauyi, babur ya ɗauki sauri.

Sabo ko na hannu?

Sabo ya fi kwanciyar rai, in da hali. A saya wurin dila sananne mai kanti. A karɓi littafin da ke zuwa da shi. Sabon inji ba a gudu da shi, ba a yi masa lodi. Juyen baƙin mai na farko akan yi shi tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta.

Akwai masu ba da babur a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kafin ka yarda, ka tara duk abin da za ka biya daga farko har ƙarshe. Ka gwada da kuɗin saye hannu da hannu. Ka tambaya kuma: idan na kasa biyan wata ɗaya, me zai faru? Manomi ba ɗan albashi ba ne. Kuɗinsa na zuwa ne da kaka.

Na hannu kuwa, a nan ake shan mutane. Ni kaina mai wannan rubutu na taɓa faɗawa. Wani dillali ya kawo mini babur da yamma, gab da magariba. An wanke shi tas. Bugu ɗaya ya tashi. Na biya, ina murna. Bayan mako guda ya fara hayaƙi kamar ana gasa kifi. Da makaniki ya kwance, sai ya ce an zuba masa mai mai kauri ne don a ɓoye ƙarar inji. Abin da na kashe a gyara, da na ƙara a kan kuɗin farko, da na sayi mai lafiya.

Ga abin da na koya. Kada ka sayi babur da yamma. Je ka da safe, tare da makanikinka, ba na mai sayarwa ba. Fara taɓa inji da hannu. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka zo. Ka ce sai ya huce. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Idan ya tashi, ka duba salansa. Babur irin Boxer ko Honda bai kamata ya yi shuɗin hayaƙi ba. Idan yana yi, yana cin baƙin mai ke nan. Ciro ma'aunin mai ka murza a yatsa. Ka tsaya a bayan babur ka hango: tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya? Leƙa ƙarƙashin tanki da kujera. Idan ka ga sabuwar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya, ya taɓa karyewa. Daga nan ka hau, ka bi hanya marar kyau da shi, ka gwada kowace giya da birki biyun.

Sai maganar takardu. Wannan ta fi duk sauran. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a ƙarfe: lambar inji da lambar jiki. Ka karɓi rasit ɗin asali. Ka karanta lambobin da idonka, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da na jikin babur. Kada ka bari a karanta maka. Idan lamba ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar an goge, ka bar shi ko da kyauta ne. Babur ɗin sata yana kai mai saye ofishin 'yan sanda, ɓarawon kuwa yana gida. A rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da garinsu, shaidu biyu su sa hannu.

Bayan saye, a yi masa rajista a ofishin lasin, a sa lamba. Mai tuƙi ma ya nemi lasin. A zamanin nan wannan ba abin wasa ba ne. Saboda 'yan bindiga da ke amfani da babura, jami'an tsaro suna sa ido ƙwarai. A watan Mayu na 2019 rundunar soja ta ba da sanarwar hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Kebbi. Irin waɗannan dokoki suna canjawa. Idan za ka yi tafiya mai nisa, ka tambayi halin da ake ciki, ka kuma riƙe takardunka a aljihu.

Bayan saye, sai ciyarwa

Doki ba saye ne wuya ba, harawa ce. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a gidan mai ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Don haka ka yi lissafi tun yanzu.

Ga misali. A ce gonarka kilomita 10 ce daga gida. Zuwa da dawowa 20 ke nan. Kwana 6 a mako, ya zama 120. Babur mai si-si 100 mai lafiya yakan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya. Ka raba 120 gida 40. Lita 3 ke nan a mako. Ka ninka da kuɗin lita a garinku. Ka ƙara kuɗin baƙin mai da faci. Idan aljihunka zai ɗauki wannan har a watan da rumbu ya yi ƙasa, to bismilla.

Da hunturu ƙura takan toshe soson da ke tace iska kafin ta shiga inji. Ka sa makaniki ya nuna maka inda yake, ka riƙa wanke shi da kanka. Idan ka ratsa ruwa, ka gwada birki kafin ka ƙara gudu, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa. Idan babur ya mutu a cikin ruwa mai zurfi, kada ka buga shi. Tura shi waje, a cire fulogi, a fitar da ruwan tukuna. In ka ga baƙin mai ya koma fari kamar kunu, ruwa ya shiga, sai a juye. A rairayi kuma, ka sa giya ta biyu, ka riƙe wuta daidai, ka ɗan matsa baya. Kada ka damƙe birkin gaba.

Ranar hutu

Abin hawa ba na aiki kaɗai ba ne. Mutum yakan so ya je Gwandu ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Yakan so ya je Birnin Kebbi kallon hawan Sallah, ko Argungu shekarar da aka yi bikin kamun kifi. Babur ɗin da ya kai ka gona zai kai ka duk waɗannan wurare. Ba sai ka sayi wani ba.

Sai dai tafiyar kwalta daban take da ta gona. A hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega akwai manyan motoci. A nan ne madubin da aka cire yake da rana. A nan ne kuma ake bukatar hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta tun ranar 1 ga Janairu, 2009. Mutane da yawa sun ƙi, wasu don zafi, wasu don camfi. Amma ƙafa idan ta karye ana ɗora ta. Kai ba a ɗora shi. Ka sa kuɗin hula biyu a cikin kuɗin babur tun ranar saye, ɗaya taka, ɗaya ta wanda za ka goya. A ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita ke fara faɗuwa.

Iyaye kuma a kula da ranar biki. Ranar ɗaurin aure da ranar Sallah ne samari ke karɓar makulli, su yi tsere, su ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar jama'a. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba idan ya zauna, bai isa tuƙi ba. Makulli ya kwana a aljihun maigida.

Idan za ka goya mai ɗakinka, ka jira ta tattara bakin zanenta da hijabinta ta danne a cinya kafin ka tashi. Tufa mai tsawo tana shiga waya ko sarƙa, ta fizgo mutum ƙasa. Idan da jariri a bayanta, ka rage gudu fiye da kullum. Ka kuma gwada fitilar gaba da ta baya tun kuna gida, ko da kuna sa ran dawowa kafin magariba.